Zauren Iyali: Idan Haila Ta Yi Nisa

'Yan'uwa, a gidajenmu na Kotobabi, Nima da Maamobi, mace kan azumci Ramadan cur ba ta sha ko ɗaya ba, har a taya ta murna. Mu kam muna ganin abin dubawa ne.

Idan tsakanin haila da haila ya wuce kwana 35, alhali babu ciki, babu shayarwa, babu allurar tazarar haihuwa, sau da yawa sinadaran jiki ne suka hana ƙwai fitowa. Likitoci na kiran lalurar PCOS, da Faransanci SOPK, kuma tana samun kusan mace ɗaya cikin goma. Takan zo da gashi a haɓa, ƙuraje da ƙiba.

Abin takaici, mukan yi saurin zargin aljani ko kishiya, shekaru su tafi. A nan ne bangon mahaifa ke ƙara kauri, har ya iya kaiwa ga sankara, ga kuma barazanar ciwon suga.

Maigida, idan wata uku suka wuce shiru, ka raka ta asibitin Maamobi ko Korle Bu, a gwada jini, a ɗauki hoton ciki. Mata da dama sun haihu bayan magani, da yardar Allah.