Faɗan Nvidia da AMD: mu da ke Kazaure, mene ne namu a ciki?

Kwanakin baya wani ya jefo hoton wani labari a guruf ɗinmu na WhatsApp na 'yan ajinmu na sakandare, wai "Nvidia ta saye Intel, AMD ta shiga uku." Kafin a kira isha'i saƙonni sun cika waya. 'Yan Nvidia na ihu, 'yan AMD na mayar da martani, kai ka ce Madrid da Barcelona ne za su kara. Can sai wani abokinmu da ke haɗa bidiyon biki a cikin garin Kazaure ya turo tambaya ɗaya: "To ni da nake tara kuɗin laftof tun bara, farashi zai sauka ne ko zai hau?" Sai kowa ya yi tsit. Wallahi a duk surutun daren nan, tambayarsa ce kaɗai ta shafe mu.

Bari mu fara da gyara labarin. Nvidia ba ta saye Intel ba. Abin da ya faru shi ne, a watan Satumba na 2025 Nvidia ta sanar da cewa za ta zuba dala biliyan 5 a hannun jarin Intel, kuma za su haɗa gwiwa su ƙera cif ɗin kwamfuta mai ɗauke da fasahar kamfanonin biyu. Wata guda kafin nan, gwamnatin Amurka ita ma ta karɓi kusan kashi 10 cikin ɗari na Intel. Shi kuwa raɗe-raɗin haɗewa ya girmi wannan. Tun Satumba 2024 jaridar Wall Street Journal ta ruwaito cewa Qualcomm ta tuntuɓi Intel da maganar saye, amma cinikin bai faɗa ba.

Ga wanda bai san harkar ba, katin girafik shi ne ɓangaren kwamfuta da ke ɗaukar nauyin hoto da bidiyo da gem. Babbar ƙwaƙwalwar kwamfuta tamkar gwanin tela ɗaya ne mai iya kowane irin ɗinki, shi kuwa katin girafik kamar yaran shago dubu ne da ke sa maɓalli a lokaci guda. Wannan yawan hannun ne ya sa aka gano cewa ya dace da horar da ƙirƙirarriyar basira, irin su ChatGPT. Kamfanoni uku ne ke wannan kasuwa: Nvidia da aka kafa a 1993, wadda Jensen Huang ke shugabanta, AMD ta Lisa Su, wadda ta shigo fagen bayan ta sayi kamfanin ATI a 2006 kan dala biliyan 5.4, sai Intel da ta shigo da katinta na Arc a 2022. Abin dariya ma, Jensen Huang da Lisa Su dangi ne. Mu nan muna zagin juna a kansu.

Me ya sa irin wannan ciniki ke yawan wargajewa? A Satumba 2020 Nvidia ta sanar da cewa za ta sayi kamfanin Arm na Ingila kan dala biliyan 40. Arm ɗin nan shi ke zana tsarin cif da ke cikin kusan kowace waya, har Tecno da Infinix da itel da ke aljihunmu. Kamfanonin da ke dogaro da Arm suka ce ba su yarda ba, hukumomin kula da gasar kasuwanci na Amurka da Ingila da Tarayyar Turai suka sa ido, a Fabrairu 2022 aka fasa. Haka Qualcomm ta janye daga sayen NXP a 2018, Intel ma ta fasa sayen Tower a 2023, duk saboda Sin ba ta sa hannu ba. Don haka idan ka ga labarin "an saye" a TikTok, ka tuna cewa tsakanin sanarwa da kammalawa akwai tafiya mai nisa, balle abin da bai wuce ji-ta-ji-ta ba.

Ka lura da jerin masu sa hannun nan: Amurka, Turai, Ingila, Sin. Babu wanda ke tambayar Najeriya. Mu a wutsiyar layi muke. Yawancin kwamfutocin da ke hannun ɗalibai a Kazaure da Babura tokumbo ne, wani ya gama amfani da su a Turai ko Amurka, suka sauka Legas, suka zo Kano, muka je Beirut Road ko Farm Centre muka ɗauko. Farashin tokumbo kuwa yana bin farashin sabo. Idan sabon kati ya yi tsada a can, mai tsohon ba zai saki nasa da wuri ba, idan ma ya saki zai tsuga kuɗi. Mun ga haka a 2021, lokacin da masu haƙar kirifto suka kwashe katuna daga kasuwa, abin bai lafa ba sai a 2022, shekarar da Ethereum ta daina amfani da haƙa a watan Satumba. Daɗin daɗawa, tun da aka saki naira a Yuni 2023, dalar da ake samu ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024. Wato duk ƙarin dala ɗaya a can, mu ninki uku muke jin sa.

Nan ne gasa ke da amfani. Duk wanda ya taɓa raka mahaifinsa sayen hatsi ya san cewa ranar da dillalai ke rige-rigen mai saye, ranar ake samun sauƙi. Ranar da suka haɗa baki kuwa, sai dai ka saya ko ka koma gida da buhunka. A Disamba 2024 Intel ta fitar da katin Arc B580 kan dala 249. A Janairu 2025 Nvidia ta fitar da babban katinta RTX 5090 kan dala 1,999. A Maris AMD ta kawo RX 9070 XT kan dala 599. Ba ajinsu ɗaya ba, amma ka ga inda talaka zai leƙa. Katin Intel mai arha shi ke tilasta wa sauran biyun su tuna da mai ƙaramin ƙarfi. Yanzu da Nvidia ta zama mai hannun jari a Intel, tambayar da ta dace a yi ita ce: shin Intel za ta ci gaba da takarar da take yi da mai zuba mata kuɗi da zafin da ta faro? Wannan ya fi damuna a kan wa ya fi wani saurin gem.

Akwai kuma abin da 'yan "ƙungiyar kore" da "ƙungiyar ja" ba sa son ji: kamfanonin nan sun riga sun juya mana baya. A shekarar kuɗinta da ta ƙare a Janairu 2025, Nvidia ta samu kusan dala biliyan 130. Fiye da biliyan 115 daga manyan cibiyoyin adana bayanai na ƙirƙirarriyar basira suka fito, katunan gem kuwa ba su wuce biliyan 11 da 'yan kai ba. Kuma Nvidia da AMD ba su da masana'antar kansu, kamfanin TSMC na Taiwan ke buga musu yawancin cif ɗin. Gurbi a masana'antar a ƙidaye yake. Idan kai ne, wa za ka fara bugawa, wanda zai biya dubban daloli ko ɗan gem? Har mamori abin ya taɓa, domin a ƙarshen 2025 farashinsa ya yi tashin gwauron zabo, kamfanin Micron ma ya sanar da rufe harkar Crucial da ke sayar wa ɗaiɗaikun mutane.

To ina mafita? Na farko, saya daidai aikinka. Mai gyara hoto ko yanka gajeren bidiyo ba ya buƙatar katin da ya fi kuɗin babur. Ka tambayi yawan mamorin katin, ka gwada shi da irin aikinka a gaban mai shago, ka duba ko yana zafi. Ka kuma tambaya ko na'urar za ta ɗauki Windows 11, tunda Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. Ka tuna da wuta: babban kati cin lantarki gare shi, wanda ke Roni ko Gwiwa da ɗan sola zai fi morar laftof mai sauƙin ci. Na biyu, mai son koyon ƙirƙirarriyar basira ba sai ya mallaki kati ba tukuna. Google Colab da Kaggle suna ba da aron katin girafik kyauta na wasu sa'o'i ta intanet, data kawai za ka sa.

Na uku shi ne babba, kuma ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi. Yankinmu ba baƙo ba ne a harkar kwamfuta. Tun zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki aka kafa makarantar Informatics a Kazaure. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu, ga kuma Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021. Abin da ɗalibi ɗaya ba zai iya saya ba, makarantu uku za su iya haɗa kai su tanada: ɗaki ɗaya mai 'yan kwamfutoci masu ƙarfi, da sola, da intanet, a riƙa ba da lokaci bi da bi, har ga matasan gari masu sana'ar bidiyo. Masu bincike irin 'yan HausaNLP sun nuna cewa aikin koya wa na'ura Hausa namu ne, amma ba a yin sa da fatar baki. Ƙungiyoyin ɗalibai da ke rubuta wa 'yan majalisa takardar neman kofin ƙwallo, su gwada rubuta wannan ma.

Abokin nan nawa har yanzu yana tari. Na ce masa ya daina jiran farashi ya faɗi, domin babu alamar haka nan kusa, ya nemi tokumbo mai lafiya da zai fitar masa da aikin biki ba tare da ya kwana a kai ba. Ko sunan Nvidia ne a jiki ko na AMD, amarya dai bidiyonta take jira.