Maganin zazzaɓi ba ya tafiya sai da maiƙo

Da zarar damina ta kankama a Madawa da Buza da Keita, dakunan shan magani kan cika da yara masu zazzaɓin cizon sauro. Maganin da aka fi ba su shi ne Coartem, haɗin artemether da lumefantrine, a sha sau shida cikin kwana 3. Sai dai akwai bayani ɗaya da nake ganin ba ya isa kunnen iyaye yadda ya kamata.

Lumefantrine ba ya narkewa a ruwa, a maiƙo yake narkewa. Abin da bai narke a hanji ba kuwa, ba zai shiga jini ba. Artemether shi ke saurin karya zazzaɓin, amma ba ya daɗewa a jiki. Lumefantrine ne ke tsayawa ya share ragowar ƙwayoyin cutar. Idan bai shiga jini sosai ba, yaro zai ji sauƙi, sannan ciwon ya dawo bayan 'yan makonni, a ce magani jabu ne.

Maiƙon da ake bukata kaɗan ne: bincike ya nuna wajen giram 1.2 ya isa. Nonon uwa ya wadatar, haka madara ko kunun gyaɗa. Amma farau-farau, ko furar da aka dama da tsala wadda aka riga aka cire mata mai, ba lallai su yi aikin ba. Ga kuma lokacin: zazzaɓi na tsananta ne a watannin da rumbuna suka yi ƙasa. Wani bincike a Nijar da Mali ya gano yara masu tamowa mai tsanani na samun ƙarancin lumefantrine a jini.

Masana na neman mafita. Kamfanin Novartis da ƙungiyar MMV sun fito da Coartem mai watsewa a ruwa don yara a 2009; ya sauƙaƙa haɗiya, amma har yanzu yana son maiƙo. Sabuwar dabara ita ce a baza lumefantrine cikin wani sinadari mai son ruwa, don hanji ya fi tsotse shi.

Kafin wannan ya iso ƙauyukanmu, ina roƙon ma'aikatan lafiya da masu sayar da magani: duk wanda ya miƙa Coartem, ya faɗa da baki, da Hausa ko Tamashek, cewa a haɗa kowane sha da nono ko gyaɗa. Gidajen rediyo ma su riƙa maimaitawa tun kafin ruwan farko.