Filin Kiwon Lafiya: Abin Da Ke Sa Haƙori Zogi, Da Iyakar Abin Da Magani Zai Iya

Duk wanda ciwon haƙori ya taɓa hana shi barci ya san ba ya ganin girman kowa. Dattijo mai furfura ma sai a same shi dafe da kunci yana kai da kawowa a tsakar gida da tsakar dare. Amma kaɗan ne suka san abin da ke faruwa a cikin haƙorin, shi ya sa ake ta shan maganin da bai dace ba.

A tsakiyar kowane haƙori akwai wani ɗan ɗaki cike da tsoka mai taushi, da jijiyoyin jini da na jin zafi. Shi ne ɓargon haƙori. Idan yatsa ya kumbura, fata takan miƙe ta ba kumburin wuri. Ɓargon haƙori kuwa bango mai tauri ne ya kewaye shi, ƙofarsa 'yar ƙarama ce can a ƙarshen saiwa. To, da zarar ya kumbura, sai jini da ruwa su taru ba su da wurin zuwa, su matse jijiyoyi, haƙori ya dinga bugawa kamar ganga.

Ruɓewa ce ta fi jawo wannan, amma dannawa ita ma takan yi. Mai cizon haƙora cikin barci, da mai fasa ƙashi ko buɗe kwalba da haƙori, da wanda aka yi wa ciko ya yi tudu, duk suna matsa wa ƙwayoyin halittar da ke cikin ɓargon nan. Su kuwa idan suka ji matsi sai su fitar da wasu sinadarai, cikinsu har da wanda ake kira furostagilandin, mai buɗe jijiyoyin jini ya kuma ƙara wa jijiyar zafi kaifi.

A 1971 wani masani ɗan Ingila, John Vane, ya gano cewa aikin asfirin shi ne hana jiki ƙera wannan sinadari, aka kuwa ba shi lambar yabo ta Nobel a 1982. Ibufurofen, wanda aka fara bayarwa a Ingila a 1969, shi ma haka yake aiki, don haka ya fi farasitamol amfani a kan zogin haƙori, domin farasitamol yana rage zafi ne kawai, ba ya taɓuka abin kirki ga kumburi. Sai dai ibufurofen bai dace da mai gyambon ciki ba, ko mai ciwon ƙoda, ko mace mai tsohon ciki, asfirin kuma ba a ba yara.

Wani abin mamaki, ga wanda aka ɗaura wa wayar daidaita haƙora al'amarin yakan juye. Da taimakon wannan sinadarin ne ƙashin muƙamuƙi ke sassautawa haƙori ya matsa, saboda haka likitoci da dama sukan zaɓa masa farasitamol, kada a rage saurin aikin.

Akwai kurakurai da suka zama ruwan dare. Wasu kan danna ƙwayar asfirin a jikin dasashi. Ba ta isa ɓargon, ƙona naman kawai take yi. Wasu kuma su nufi kemis su sayi kafso na kashe ƙwayoyin cuta, alhali kuwa ba ya rage zogin ɓargon da ya kumbura, kuɗi ne kurum aka zubar. Kanumfari dai yana ɗan kashe zafi, har likitocin haƙori na amfani da mansa a ciko na wucin gadi, amma ba ya tsayar da ruɓewa.

Mafi hatsari shi ne ranar da zogin ya ɗauke da kansa bayan kwanaki. Mara lafiya sai ya ce ya warke, ga shi kuwa sau da yawa ɓargon ne ya mutu. Daga nan ƙwayoyin cuta kan bi ta saiwa su shiga ƙashi, mugunya ta taru. A wannan hali likita ne kaɗai zai buɗe haƙorin ya kwashe mataccen ɓargo ya cike gurbin, ko ya cire haƙorin ɗungurungum. Idan kuwa kumburi ya sauko ƙarƙashin haɓa, ga zazzaɓi, haɗiya ko numfashi na wuya, to a kai mutum asibiti a wannan sa'ar, domin kumburin yana iya toshe maƙogwaro.