Fijon Baba da Rigimar Shokozoba

Yau zan ɗan kauce daga abin da muka saba, in yi magana kan ƙafar mota, saboda wata gardama da muka kwashe kusan wata biyu muna yi da mahaifina a gidanmu da ke Jos Jarawa.

Baba ɗan kasuwa ne, dankalin turawa yake sarowa daga Bokkos da Mangu yana kawowa Farin Gada. Yana da wata tsohuwar Peugeot 504 doguwa, wadda muke kira Fijo, ta girme ni nesa ba kusa ba. A cikinta aka ɗauko ni daga asibiti, a cikinta kuma muke zuwa Maraɗi gaida kakanni idan Sallah ta zo. Wanda bai san wannan mota ba yaro ne. A 1968 Faransawa suka fito da ita, a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai, a 1975 ta ci tseren Safari na Kenya, kuma a wannan shekarar ce aka buɗe kamfanin harhaɗa Peugeot a Kakuri, Kaduna, inda aka yi ta fitar da ita kusan shekara 30. Abin da ya sa ta karɓu a wurinmu shi ne ƙafarta, tana shanye gargada kamar raƙumi a rairayi.

To, bara muna gangarowa Hawan Kibo, ni ke tuƙi, na taka burki a wata kwana, sai gaban motar ya nutse ya taso, ya sake nutsewa, sitiyari ya yi mini sakwaf a hannu. Allah ne kawai Ya kiyaye. Da muka dawo na duba, shokozoba na gaba ɗaya ya jiƙe sharkaf da mai, ɗayan kuma ka danna motar sai ta yi ta rawa sau uku kafin ta tsaya. Lafiyayye sau ɗaya take tasowa ta natsu.

Bakaniken Baba ya ce abu mai sauƙi ne, a buɗe a ɗura masa mai mai kauri, zai yi ƙarfi. Ni kuma na ce a sayo irin wanda ake iya saitawa, wato mai ɗan makunni da za ka murɗa ya ƙara tauri ko ya yi laushi, irin wanda kamfanin Koni na ƙasar Holan ya yi suna a kansa. Baba ya dube ni ya ce, "Kai yaro, Bafaranshen da ya ƙera ta bai fi ka sani ba ne?" Na ce, "Baba, ya fi ni sani, amma bai san za ta kai wannan shekarun tana dakon dankali ba."

Ga inda nake ganin mutanenmu ke kuskure. Da yawa sun ɗauka shokozoba ne ke ɗaukar nauyin mota. Ba haka ba ne. Sifirin ne ke ɗaukar nauyi, shi kuwa shokozoba aikinsa ya hana sifirin yin ta tsalle bayan an faɗa rami, ta hanyar tura mai ta wasu ƙananan ƙofofi a cikinsa. Idan ya mutu, taya takan riƙa rabuwa da kwalta tana dawowa, kuma tayar da ba ta taɓa ƙasa ba, burki bai da iko da ita, sitiyari ma haka. Shi ya sa ɗura mai mai kauri yaudarar kai ce. Da sanyin safiyar Jos motar za ta sandare kamar amalanke, idan man ya yi zafi a hanya ya tsinke, ga robar da ta riga ta mutu tana ci gaba da yoyo. Tauri daban, lafiya daban.

Amfanin mai saiti shi ne motarmu rayuwa biyu take yi. Yau tana cikin gari ba kowa sai Baba, gobe an danƙara mata buhuna a baya har hancinta ya ɗaga sama, ga gangara ga kwana. Saiti ɗaya ba zai yi wa duka biyun daidai ba.

Amma fa in faɗi gaskiya, Baba ma yana da hujja. Kuɗin guda biyu ya ninka na gwanjon Dilimi sau da yawa, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kowace naira sai an yi lissafinta. Sannan sai da wani abokin Baba da ke zuwa Kwatano ya yi mana cigiya kafin a samu, ka ga idan ya lalace a Jibiya ba mai sayar maka. Na uku, kuma wannan ya fi damuna, abin da ake iya saitawa ana iya ɓata saitinsa. Ka ba mutumin da ya yi imani cewa tauri shi ne ƙarfi wannan makunni, zai murɗe shi har ƙarshe, ya jijjige tsohon bodi har walda ta fara tsagewa.

Daga ƙarshe Baba ya yarda, bisa sharaɗin in biya rabi daga ɗan abin da nake samu a rumfa. Da aka kwance ƙafar sai ga abin kunya, robobin sun ruɓe, bol-joyin ɗaya yana kaɗawa. Da mun ɗora sabon shokozoba a kan wannan, da mun yi ado da gwal a kan tsumma. Sai da muka canza su tukuna. A 504 shokozoba na gaba yana cikin bututun da sifirin ke zagaye da shi ne, don haka na hana yaran gareji kwance shi da dabarar igiya, sai da aka aro abin matse sifirin, domin idan ya kuɓuce yana iya fasa wa mutum fuska. Muka sa biyun lokaci ɗaya, muka daidaita hagu da dama, muka fara daga laushi muna ƙarawa kaɗan kaɗan muna gwadawa a hanyar Bauchi, sannan aka kai ta saitin taya.

Shawarata ga duk mai tsohuwar mota ita ce, idan cikin gari kawai kake yawo, sayi na asali mai kyau guda biyu ka huta, mai saiti ɓarnar kuɗi ne a gare ka. Idan kuwa motarka ita ce jakar gidanku, yau kaya gobe iyali, to ya cancanci kuɗinsa, amma sai bayan ka gyara sauran ƙafar. Abin da ban yarda da shi ba ko kaɗan shi ne a yi kwaskwarima a wurin da ran mutane ya rataya.

Baba har yau bai ce na yi daidai ba. Sai dai makon jiya da za shi Mangu na ji yana tambayar ƙanena inda na ajiye ɗan makunnin.

Allah Ya tsare mu a hanyoyinmu, amin. Sai mun sake haɗuwa.