Wa Zai Buɗe Makarantar Kuɗi a Tegidda?

Akwai wata magana da ke yawo a majalisun hira na birane, daga Yamai zuwa Maraɗi har Agadas. Masu yin ta galibi waɗanda suka riga suka kwashe 'ya'yansu daga lakwal ɗin gwamnati ne. Cewa suke, tunda makarantun gwamnati na birni sun lalace, a miƙa su ga 'yan kasuwa kawai, a daina zuba musu kuɗin haraji, kowane uba ya ji da ɗansa. "Don me zan biya sau biyu," in ji su, "ga lanho ga kuɗin makaranta?"

Kafin a ba su amsa, bari a leƙa Tegidda-n-Tesumt, garin gishiri da ke arewa da Ingal. Can maza ke haƙo ƙasa mai gishiri, su kwaɓa ta da ruwan zartsi a manyan ramuka, su tattake ta da ƙafa, sannan a ɗebi ruwan da ya kwanta a zuba cikin ɗaruruwan ƙananan gurabu, wasu ja, wasu rawaya, wasu ruwan ƙasa. Rana ce ke ƙarasa aikin. Mata su bi su kankare abin da ya daskare, a cuɗa shi, a yi curi, a shanya, ya tafi kudu inda makiyaya ke saya wa dabbobinsu. Idan damina ta sauka, gurabun su cika da ruwan sama, aiki ya tsaya cik, kuɗi su tsaya tare da shi. Mutumin da ke rayuwa a haka ne ake cewa ya biya malami daga aljihunsa, ya gina aji, ya sayi alli, duk wata, damina da rani.

To, wane ɗan kasuwa ne zai buɗe makarantar kuɗi a Tegidda? Ɗan kasuwa ba ya zuwa inda babu riba, kuma ba a zarginsa kan haka, sana'arsa ce. Zai buɗe a Yamai, zai buɗe a Agadas da Arlit, inda akwai masu albashi. Ba zai bi hanyar da laka ke rufewa da damina ba domin yaran da iyayensu ba su da tsabar kuɗi sai an sayar da gishiri. Malamin da ke isa irin wannan wuri, harajin ƙasa ne ke kai shi. Abincin da ke riƙe ɗan makiyayi a aji lokacin da iyayensa suka bi garke, daga baitulmali da taimakon abokan hulɗa yake fitowa. Ɗan kasuwa ba ya zuwa inda babu riba.

Za su ce ai makarantun birni kaɗai suke nufi. Amma asusun ɗaya ne. Mai shago a Yamai da ma'aikaci a Damagaram su ne manyan masu biyan haraji, kuma ranar da aka ce musu ilmin yara ya fita daga wuyansu, ranar ce igiyar gugar ƙauye ta tsinke. Su manta da ƙauyen ma: a cikin birnin kansa, ina ɗan mai tura baro da 'yar mai tuyar ƙosai za su zauna idan aka sa farashi a ƙofar ajin da suke ciki yau?

An gwada a wasu wurare, kuma sakamakon ba ɓoyayye ba ne. Ƙasar Chile ta buɗe wa masu zaman kansu ƙofa a 1981, gwamnati na biyan kuɗi a kan kowane ɗalibi. Makarantu suka rabu gida-gida, na masu hali daban, na talakawa daban, har ɗalibai suka cika tituna a 2006 da 2011, kuma a 2015 aka yi dokar da ta hana cin riba a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnati. Laberiya ta miƙa makarantu 93 ga masu gudanarwa takwas a 2016. Karatu ya ɗan ƙaru, gaskiya ne, amma kuɗin da aka kashe ya haura, kuma a wasu makarantun da aka taƙaita yawan 'yan aji, dubban yara aka tura waje. A lura da kyau: ko a Chile ko a Laberiya, ba a soke harajin ba. Masu maganarmu suna neman abin da ma waɗannan ƙasashen ba su kuskura suka yi ba.

Kuɗin da ya kamata a soke daban ne: wanda ake karɓa daga hannun uba a bakin ƙofa. Kuɗin kwamitin makaranta, kuɗin zana, kuɗin alli, kuɗin takardar jarrabawa. Kowanne ƙarami ne, amma a gidan da ke da yara shida, shi ke sa a zaɓi wanda zai tafi, kuma kowa ya san 'ya mace ake fara bari a gida. Da Yuganda ta soke kuɗin firamare a 1997, yawan 'yan makaranta ya kusa ninkawa. Da Kenya ta yi haka a Janairun 2003, yara fiye da miliyan ɗaya suka shigo, har wani tsoho mai shekara 84, Kimani Maruge, ya sa gajeren wando ya shiga aji ɗaya a shekarar da ta biyo.

Babu mai musun cewa lakwal ɗin gwamnati na ciwo. Wa zai manta da Afrilun 2021, da wuta ta cinye azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara kusan 20 suka rasu? Wa zai manta da Nuwamban 2021 a Maraɗi, inda aƙalla yara 25 suka ƙone a aji? Amma aji na zana shaida ce ta ƙarancin kuɗin da aka zuba, a ƙasar da kusan rabin mutanenta ba su kai shekara 15 ba. Wanda ya ga wannan ya ce a rage, bai kalli gawarwakin yaran nan da idon uba ba. Ɗaliban da suka hau gadar Kennedy ta Yamai ranar 9 ga Fabrairun 1990, uku daga cikinsu ba su koma gida ba, kan tsuke bakin aljihun ilmi suka fito.

Sai kuma maganar malami, wadda ba za a gaji da maimaita ta ba. Tun ƙarshen shekarun 1990 aka koma ga 'yan kwantiragi saboda sun fi araha, har suka zama su ne mafi yawa a azuzuwan firamare. Wannan ma lissafin kasuwa ne da ya shigo ta taga. A ɗauki saurayi daga Tawa ko Dosso, a tura shi daji inda yara ke jin Tamashek ko Tasawak, ba gidan kwana, ba ƙarin kuɗin nisa. Idan ɗan abin da ake ba shi ya makara, ya ci bashi wurin mai shago. Idan kuɗin suka fito, ya rufe aji ya bi mota zuwa gari ya karɓo, yara su yi kwanaki suna jiran gawon shanu. Da ya samu hanya sai ya nemi canji zuwa birni, ko ya faɗa makarantar kuɗi. Wa ya yi asara? Yaron Tegidda.

Kuma wannan yanki bai zo wa ƙasa hannu rabbana ba. Azelik, inda aka haƙo yuraniyom a 'yan shekarun baya, nan kusa da Tegidda yake. Masana da dama na ganin nan ne tsohuwar Takedda mai tagulla da Ibn Battuta ya ziyarta a 1353. Arlit na fitar da ma'adini tun 1971. Gishirin nan kuwa ana biyan kuɗin kasuwa a kansa duk inda aka sauke shi. Mutanen Ingal da kewaye sun zuba nasu a asusun ƙasa, haƙƙinsu ne su ga ya dawo musu.

Saboda haka kira ga masu tsara kasafin kuɗi da magadan gari: a bar makarantun birni a hannun al'umma, a ɗauke wa iyaye ƙananan kuɗaɗen bakin ƙofa, a gina aji na bulo a maimakon zana, a liƙa lissafin kowace makaranta a bango inda iyaye za su karanta. Malamin da ya yarda ya zauna arewa da Ingal, a ƙara masa kan na birni, kuma kuɗinsa su same shi a inda yake koyarwa kafin wata ya mutu.