Takobi ba ya ƙarewa, amma hannu yana gajiya: ra'ayina kan gardamar yaranmu



Ranar Asabar ta makon jiya na je rufe zauren ƙungiya bayan La'asar, sai na tarar da yaranmu shida sun zagaye tebur, murya ta tashi har waje. Na ɗauka rigimar ƙwallo ce. Ashe a kan wasan nan ne da suka fara tun hutun da ya wuce, Dungeons & Dragons. Ɗaya daga cikinsu ya riga ya tattara takardunsa, ya ce shi da wasan har abada in ba a soke wata doka ba. Suka ce, "Baba Sakatare, kai za ka raba mu." Na ce su ba ni littafin da mako guda. Na karanta, na zauna na kalli wasansu sau ɗaya, ga abin da na gani.

Ga iyayen da ba su san wasan ba: labari ne ake ƙirƙira tare a kan tebur. Mutum ɗaya ne jagora, shi ke bayyana gari da daji da abokan gaba. Sauran kowa na da jaruminsa a rubuce a takarda, wani mayaƙi, wani ɗan leƙen asiri, wani mai sihiri irin na tatsuniya. In jarumi zai yi abu mai wuya, sai a jefa ƙwaya irin ta ludo, amma mai fuska 20, a ga ko ya dace. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fito da shi a Amurka a 1974, kuma yaranmu suna amfani da bugu na biyar, na 2014.

Ga inda gardamar take. A wannan bugun, mayaƙi yana iya sara da takobinsa a kowane zagaye na faɗa ba adadi. Amma in ya kai mataki na 2, yana samun wata baiwa da zan kira zabura: a zagaye ɗaya ya yi aikin zagaye biyu. Sau ɗaya kawai zai yi ta, sai ya huta aƙalla awa guda a cikin labarin kafin ta dawo. Yaron ya ce, "Baba, in mai sihiri ne na yarda, ƙila maganinsa ya ƙare. Amma mayaƙi fa? Hannunsa aka ɗaure? Abin da ya iya ɗazu, me zai hana shi yi yanzu?"

Gaskiya tambayar ba ta shashanci ba ce, kuma ba shi ya fara yin ta ba. Tun asali masu sihiri ne kawai ake ƙayyade wa, dabarar da aka aro daga littattafan marubuci Jack Vance, inda mai sihiri ke haddace surkullensa, in ya furta sai ya goge daga kansa. A 2008 aka fito da bugu na huɗu, aka raba baiwar kowa gida uku: wadda ake yi kullum, wadda ake yi sau ɗaya a faɗa, da wadda ake yi sau ɗaya a rana. Har mai takobi aka sa wa ta sau ɗaya a rana. 'Yan wasa da yawa suka yi ca, wani marubuci mai suna Justin Alexander ya yi dogon sharhi cewa doka ce da ɗan wasa ya sani amma jaruminsa bai san dalilinta ba. Wasu suka koma Pathfinder da ya fito a 2009. A nan ina tare da yaron: a ce maka wani salon sara sai gobe in Allah Ya kai mu, wannan yana da wuyar haɗiya. Bugun 2014 kuwa ya ɗaura zaburar mayaƙi a kan gajeren hutu. To amma soke iyakar gaba ɗaya, wannan ban yarda ba, kuma ga dalilaina.

Na farko, jiki. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gidan dambe ya san ɗan dambe ba ya sakin duk ƙarfinsa daga farkon turmi zuwa ƙarshe. Yana zagaye, yana auna abokin karawa, sai can ya zabura. In bai yi kisa ba, za ka ga ya ja baya yana haki. Ku tambayi 'yan uwanmu masu dako a Mile 12: wanda ya ɗauki buhu ya ruga da shi, ba zai maimaita wannan gudun nan take ba, ko da ya ci gaba da aiki har yamma. Takobi ba ya ƙarewa, amma hannun da ke riƙe da shi na ɗan Adam ne.

Na biyu, abokin gaba ba kututture ba ne. Dabarar da ka yi masa sau ɗaya ya gan ta, kuma gani ya kori ji. In ka sake kawo ta, yana jiranka. Irin wannan damar, lokacin da ƙafarsa ta zame ko garkuwarsa ta sauka, ba kullum take zuwa ba. Abin da dokar ta yi shi ne ta miƙa wa ɗan wasa ikon cewa, "Yanzu ne damar ta zo." Na ce wa yaron: kai kana kallon abin da aka hana ka, ni kuwa ina ganin kyauta aka ba ka. Da jagora ne zai zaɓa maka lokacin, da ka fi haka kuka.

Na uku, adalci a tebur. Mu yi lissafi. Mayaƙi a mataki na 5 yana sara biyu a zagaye. Da zabura ya zama huɗu. In babu iyaka, huɗu ne a kowane zagaye har faɗa ya ƙare. To sauran yara huɗun me suka zo yi? Kafin layi ya zo kansu an gama da dodon. Na lura akwai ƙaramin cikinsu, jaruminsa ba shi da ƙarfi, sai wayo da lallaɓawa. A wasan da na kalla, bayan mayaƙin ya ƙarar da zaburarsa, wannan ƙaramin ne ya fitar da su daga tarko. Da an soke dokar, da ya zama ɗan kallo, kuma yaron da ya zama ɗan kallo sau uku ba ya dawowa.

Na huɗu shi ya fi damuna a matsayin uba. Abin da ba ya ƙarewa ba ya sa mutum tunani. In kana da zabura ɗaya tak, dole ka tambayi kanka: in kashe ta a kan waɗannan 'yan fashin, ko in adana don abin da ke bayan ƙofa? Mu da muke zaune a Kudu, muna raba abin da muka samu tsakanin haya da makaranta da aike gida, mun san wannan tambayar tun kafin a rubuta ta a littafin wasa. Ban ƙi yarona ya fara koyonta a kan takarda ba, inda kuskure ba ya cin komai sai dariyar abokai.

Sai dai akwai laifin da na gano ba na dokar ba ne, na jagora ne. Littafin jagora na 2014 ya yi hasashen faɗa shida zuwa takwas a ranar tafiya guda, da gajeren hutu kamar sau biyu a tsakani. Ke nan mayaƙi zai zabura wajen sau uku a rana. Jagoran yaranmu kuwa ba ya ba su hutu ko kaɗan, daga wannan faɗa sai wancan. Shi ya sa yaron yake jin an zalunce shi, kuma da gaskiyarsa. Na ce wa jagoran ya riƙa buɗe musu wurin sararawa a cikin labari, sannan in za a yi zabura ya bar ɗan wasa ya bayyana yadda ta faru, in an gama ya ambaci haki da rawar hannu. In yaro ya ji dalilin a cikin labarin, ba zai neme shi a bakin littafi ba.

Ga iyayen da suka yi mini magana a kan ƙwayar da ake jefawa: sharaɗin da muka gindaya tun farko yana nan. Ba a sa ko sisi a wasan, kuma da an kira salla ana rufe littafi. Wanda ke da shakka a kan wani abu a ciki, ƙofa a buɗe take, ya zo ya zauna ya gani, ya kuma tambayi malamansa.

Jiya na sake leƙawa. Yaron nan yana wurinsa, ya riƙe zaburarsa har faɗa na uku, ya sake ta a kan babban dodon, bai ma kashe shi ba, ƙaramin nan ne ya ƙarasa. Ihunsu ya sa mai shagon ƙasa ya hawo ya ga ko lafiya.

Wanda yake da wani ra'ayin, musamman ku matasa da kuka fi ni sanin wasan, ina saurare ranar taron wata. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya haɗa kanmu, amin.

Naku,
Sakataren ƙungiya