Kafin Tsibirin Girka, Kin Kai Su Gaya?



Dogon hutu ya zo, kuma na san abin da wayarki ke ta nuna miki: fararen gidaje tas a kan tsauni, ƙubbobi masu launin shuɗi, ga teku shimfiɗe a ƙasa. Santorini ke nan, wani tsibiri a ƙasar Girka. Wuri ne mai kyau, ba musu. Kimanin shekara 3,600 da suka wuce dutse mai aman wuta ya fashe a can, ya binne wani gari, Akrotiri, cikin toka, yau mutane ke biyan kuɗi su kalli kufansa. Daga tsohuwar tashar jirgin ruwa zuwa garin Fira kuwa wasu baƙin a kan jaki suke hawa, har sai da gwamnati ta hana a ɗora wa jakin fiye da kilo 100 a 2018. Jaki dai, irin wanda ke kai taki gona a Ajingi.

To ki duba da kyau: kufai, jaki da labarin kakanni mutum ke tsallake teku ya gani. Mu nan gabashin Kano wanne muka rasa?

Tambayi ɗanki daga ina Kano ta samo asali. Masana tarihi suna cewa maƙeran Gaya ne suka je gindin Dutsen Dala neman tama, suka zauna, zuriyarsu ake kira Abagayawa. Haka a labarin Bayajidda, da ya baro Borno, a Gaya ya tsaya maƙera suka ƙera masa wuƙar da ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu a Daura. Yaro ya haddace wannan don jarrabawa, amma bai taɓa tsayawa a maƙera ya ga ana zuga wuta, ƙarfe ya yi ja, ana dukansa a kan uwar maƙera ba. Wani ma a Gayan aka haife shi.

Ba sai an yi wani gagarumin shiri ba. Ki shawarci maigida, ku zaɓi rana ɗaya. Daga Kano tafiyar awa ɗaya da wani abu ce, ta Wudil. In Juma'a ce, yara za su ga kasuwar shanun Wudil ta cika, sai dai a riƙe hannun ƙanana sosai. A Gaya ku wuce ta ƙofar fadar Sarki, sannan ku nemi maƙera, ku yi sallama, ku nemi izini kafin ɗaukar hoto. Dattijo in ya ga yara sun zo da ladabi, labarin da zai ba su ya fi na littafi, kuma kada a tashi ba a yi masa alheri ba. In kuna da dangi a ƙauyukan Ajingi, ku ƙarasa gona, yaro ya bambance gero da dawa da idonsa. 'Yan matan ma a tafi da su, don Allah. Kullum su ake bari da wanke-wanke.

Yanzu bari in sa farar rigata ta asibiti. Hutun nan cikin damina yake faɗowa, kogi ya kawo, kududdufai sun cika. Daga kan gadar Wudil a kalli ruwa ta tagar mota, ya wadatar. Kada ki bar yaro ya shiga rafi ko kududdufi, ko da iya ƙauri ne, ko da yaran garin suna ciki suna ta iyo. Nutsewa ba ta da ƙara. Yaro ba ya samun sukunin ihu.

Sai tsargiya. Ƙwayar cutar tana fitowa daga ƙananan katantanwa da ke cikin ruwan, ta huda lafiyayyar fata ba tare da an ji ba. Sai an manta da tafiyar ma jini ya fara bayyana a ƙarshen fitsari. Har yanzu ina jin masu cewa alamar balaga ce ga ɗa namiji. Ba haka ba ne, ciwo ne, in ya daɗe yana lalata mafitsara da ƙoda, a 'ya mace kuma yana iya taɓa al'aura da mahaifa. Maganinsa praziquantel, ana ba da shi gwargwadon nauyi ko tsayin yaro, don haka asibiti za ki kai shi a auna, kada ki saya a kemis da ka.

Ku ɗauki ruwan shanku daga gida, da ƙunshin ORS biyu a jaka. In gudawa ta kama yaro a hanya kuma babu, cokalin shayi shida na sukari, shafaffu, da rabin cokalin gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Nonon da za a ba ku a ruga, in ɗanye ne a tafasa tukuna. In za ku kwana, gidan sauro ya riga kayan kwalliya shiga jaka. In ba kwana, ku kamo hanya da la'asar sakaliya, kafin hadari ya haɗo.